Me Ke Jan Yara Zuwa Wasannin Kasada na Bidiyo?

Tambaya: "Malam, ɗana yana da shekara 11, ƙanwarsa 9. Tun da suka san Minecraft a wayar babansu, da wani wai shi Zelda da suke bugawa a gidan yayana, ba su da hira sai ta kogo da takobi da taswira. Gem ɗin ƙwallo bai dame su ba, wannan na yawo a daji shi ne ya shiga ransu. Me ke ciki da yara ke so haka? Kuma in hana su ne, ko in zuba musu ido?"

Amsa:

Hajiya, Allah ya raya su, ya shirya mana su baki ɗaya. Fannina ilimin halayyar yara ne da yadda suke koyo, kuma a 'yan shekarun nan wasannin bidiyo na cikin abubuwan da iyaye suka fi tambayata a kansu. Na ji daɗi da kika lura cewa ba kowane gem ne ya ɗauke musu hankali ba, nau'i ɗaya ne tak. Daga nan bakin zaren yake.

Yawo suke nema. Fili mai faɗi wanda ba su san iyakarsa ba, inda su ne masu cewa a bi gabas ko a bi yamma, inda za a kayar da su su tashi ba wanda ya yi musu tsawa ko dariya. Wannan buƙata ce ta gaske a jikin yaro, kuma mutanen da suka fara ƙirƙiro irin waɗannan wasanni da gangan suka gina su a kanta.

A 1976 wani masanin kwamfuta a Amurka, Will Crowther, ya rubuta wasan da ake ɗauka shi ne kakan wannan nau'i, Colossal Cave Adventure. Mutum ne mai sha'awar shiga kogunan dutse, yana cikin waɗanda suka yi aikin zana taswirar kogon Mammoth da ke jihar Kentucky. Aurensa ya mutu, 'ya'yansa mata biyu ba kullum suke tare da shi ba, sai ya so ya yi wani abin da za su ji daɗinsa idan sun zo wurinsa. Wasan babu hoto ko ɗaya. Kwamfuta za ta rubuta maka cewa kana tsaye a gaban wani ɗan gini a cikin kurmi, kai kuma ka ba ta umarni da kalma ɗaya ko biyu: a shiga, a ɗauki fitila, a gangara. Duk da haka, bayan Don Woods na Jami'ar Stanford ya faɗaɗa shi a 1977, ɗalibai da injiniyoyi sun riƙa raba dare a kansa. Ke nan tun kafin a sami kyan hoto, son sanin abin da ke gaba ya isa ya zaunar da mutum.

Shi kuwa Zelda da 'ya'yanki ke bugawa, Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ne ya jagoranci ƙirƙirarsa, ya fito a Japan a 1986. Miyamoto ya taso a Sonobe, wani ƙaramin gari a yankin Kyoto, kuma ya sha ba da labarin yadda yana yaro yake yawo a tsaunuka da kurmi ba taswira, har wata rana ya ci karo da bakin wani kogo. Tsoro ya hana shi shiga, sai daga baya ya dawo da fitila ya kutsa. Wannan faɗuwar gaba da ke gauraye da zumuɗi ita ya so ya saka a cikin na'ura. Shi ya sa a Zelda na farko ake ajiye ɗan yaron, Link, a tsakiyar fili, daga shi sai 'yar garkuwa, hanyoyi uku a buɗe, ga kuma wani baƙin rami a jikin dutse. Babu mai ce maka shiga. Amma da wuya yaro ya wuce bai leƙa ba, kuma idan ya leƙa sai ya tarar da wani tsoho ya miƙa masa takobi. Cikin minti ɗaya an koya masa dokar wasan gaba ɗaya ba tare da an yi masa lacca ba: wanda ya leƙa yana samu.

Na ukunsu Satoshi Tajiri, mai Pokémon. Ya taso a Machida, a gefen birnin Tokyo, lokacin da akwai gonaki da kududdufai, yana kama ƙwari yana tarawa har abokansa suka sa masa laƙabin likitan ƙwari. Kafin ya girma birni ya cinye filayen. A wasan da ya fitar a 1996 a kan Game Boy, ƙaramar na'urar wasa ta hannu, yaro ne ke barin gida ya ratsa ciyayi da koguna yana kama halittu, iri 151. Burinsa yaran birni su ɗanɗani abin da shi ya ɗanɗana kafin a malale wurin da siminti.

Me ya sa wannan ya sami kasuwa haka? Saboda a daidai lokacin filin yawon yara yana ta tsukewa. Wani bincike da Mayer Hillman da abokan aikinsa suka yi a Ingila ya nuna cewa a 1971 kashi 80 cikin 100 na yara 'yan shekara 7 da 8 suna zuwa makaranta ba rakiyar babba, amma zuwa 1990 sun koma kashi 9. Tsoron motoci da tsoron miyagu suka mayar da yara cikin gida. A 1998 masanin kafofin watsa labarai Henry Jenkins ya yi bayanin cewa wasannin bidiyo sun maye gurbin dajin bayan gida ga yaran da suka taso a gidajen bene. Mu ma abin ya iso mu. Wanda ya yi ƙuruciya a Kano ko Zariya ko Maraɗi shekaru 30 ko 40 baya ya san fita harbin tsuntsu da danƙo, ya san hawan mangwaro da wanka a rafi, ya san langa da ɓoyo a dandali idan akwai farin wata. Yau a unguwannin birni fili ya koma fuloti ko shago, titi ya cika da babura da a-daidaita-sahu, ga matsalar tsaro, uwa ba ta da kwanciyar hankali idan yaro ya wuce ƙofar gida. Tsoron iyaye yana da dalili, ban ga laifinsu ba. Sai dai rufe get bai kashe son yawon ba.

To yaya wasan ke riƙe yaro bayan ya shiga? A 2006 masana uku, Richard Ryan da Scott Rigby da Andrew Przybylski, sun gudanar da gwaje-gwaje suka gano cewa daɗin da mutum ke ji a wasa, da son komawa gare shi, suna tafiya ne da yadda wasan ke biya masa buƙatu uku: ya ji shi ke zaɓa, ya ji yana ƙwarewa, ya ji yana tare da wasu. A ganina ta farkon ce ta raba wasan kasada da gem ɗin ƙwallo. A ƙwallo fili ɗaya ne, raga biyu, manufa ɗaya. A Minecraft babu wanda ya ce ga abin da za ka yi.

Ki lissafa yinin ɗanki, ranki ya daɗe. Tashi, yi alwala, yi wanka, sa yunifom, zauna, rubuta, yi shiru, dawo, ci abinci, tafi islamiyya, kawo hadda, yi aikin gida, kwanta. Duk alheri ne, kuma haka tarbiyya take, amma daga asuba zuwa isha'i kusan kowace gaɓa umarnin wani ce. Sai ga wuri guda da idan ya ga dutse daga nesa ya ce zai hau, ya hau. A Breath of the Wild, ɗaya daga cikin jerin wasannin Zelda, wanda ya fito a 2017, bayan ɗan share fage na farko an sake ka ke nan: kana iya nufar babban abokin gaba kai tsaye, kana iya shafe wata guda kana farauta da dafa abinci da hawan duwatsu. An warwatsa ɗakunan gwaji 120 da ƙananan ɓoyayyun abubuwa 900 a faɗin ƙasar, don duk inda yaro ya karkata ya tarar da wani abu.

Akwai kuma dabara a yadda ake shimfiɗa ƙasar kanta, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa. Masu tsara wannan wasa sun bayyana a wani taron masu sana'ar a Japan cewa da gangan suka cika filin da tuddai da duwatsu masu siffar dala, don su tare wa ɗan wasa ido. Kana tafiya tudu ya rufe maka gaba, dole ka zaɓa, ka haye ko ka zagaye, kuma da ka kai sama sai ka hango wani sabon abu da rabi a fili rabi a ɓoye. Masanin nan George Loewenstein ya yi bayani tun 1994 cewa son sani ya fi ƙarfi ba a lokacin da mutum bai san komai ba, sai lokacin da ya san ɗan wani abu ya kuma gane akwai ragowa. Wasan kasada kacokan a kan wannan giɓi aka gina shi. Za a nuna wa yaro bango mai tsaga tun bai mallaki bam ba, a nuna masa tsibiri tun bai da kwale-kwale. Ya wuce, amma abin yana ransa. Ranar da ya sami bam, babu wanda zai tuna masa, shi zai daka tsalle ya ce ai na san inda zan kai wannan. Farin cikin da kike gani a fuskarsa a wannan lokaci na mutumin da ya warware matsala da kansa ne. Shi ya sa kuma suke ta maganar wasan ko da an kashe waya: akwai ƙofofin da suka bari a rufe, ƙwaƙwalwa kuma ba ta son barin abu a rataye.

Sai batun faɗuwa. A aji, yaro ya ba da amsa ba daidai ba, wani lokaci dariya ce, wani lokaci jan biro, a wasu wuraren har bulala. A wasa dodo ya kashe shi sau goma, sai a mayar da shi baya kaɗan a ce sake. Ba a rubuta wa babansa, ba a kira shi daƙiƙi. Kuma kowace faɗuwa tana zuwa da bayani: ya gane cewa idan dodon ya ɗaga hannu to a kauce hagu. Wasa mai kyau yana ajiye wahala a ɗan gaba da inda yaro ya iya, ba nesa har ya fid da rai ba, ba kusa har ya gundura ba. Malaman makaranta sun daɗe da sanin wannan ƙa'ida daga aikin masanin koyon yara Lev Vygotsky, amma malami mai yara 70 ko 80 a aji ba zai iya auna wa kowa nasa ba. Na'ura tana iyawa. Na sha ganin yaron da aka yanke wa hukuncin cewa ba ya da naci, alhali yana iya shafe awa guda yana gwada hanya bayan hanya har ya buɗe ƙofa ɗaya. Nacin yana nan, wurin fitar da shi ne bai samu ba sai a can.

Shekarun 'ya'yanki ma suna da hannu a ciki. Masanin halayyar yara Jean Piaget ya nuna cewa daga wajen shekara 7 zuwa 11 yaro ke kama tunani mai bin ƙa'ida: yana son dokoki, yana son jera abubuwa aji-aji, yana son tarawa da ƙirgawa. Wani masanin, Erik Erikson, kuma ya ce babbar tambayar yaro a wannan tsakani ita ce, shin ni na iya wani abu? Minecraft kamar an auna shi da wannan shekaru. Ka sari itace ka yi katako, ka yi diga ta itace ka fasa dutse, da ta dutse ka haƙo ƙarfe, ka narka shi a murhu, sai da diga ta ƙarfe za ka iya ciro lu'ulu'u. Ulun tumaki uku da katako uku su ba ka gado. Yarinya 'yar shekara 9 tana iya haddace irin waɗannan haɗe-haɗe da dama ta koya wa babba, kuma ba kasafai yaro ke samun abin da ya fi manya sani ba. Markus Persson, ɗan ƙasar Suwidin, ya fara sakin wasan a 2009, Microsoft ya saye kamfanin a 2014 a kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. 'Ya'yanki ba su kaɗai ba ne.

Kada a manta da tsoro. Yini da dare a Minecraft minti 20 ne, rana kusan minti 10. Da duhu ya yi sai dodanni su fito, har da wata koriyar halitta da ke laɓaɓowa shiru ta fashe kusa da kai. Don haka sabon ɗan wasa yana rige-rige da rana ya haƙa rami ko ya tada bango kafin magariba. Yara suna son irin wannan tsoro mai iyaka, wanda za su ji shi alhali suna zaune a kan tabarma kusa da uwarsu. Shi ne dai abin da ke sa su matsa jikin kaka idan tatsuniya ta kai inda Dodo ya tare Auta a daji, kuma gobe su ce a sake. Bambancin kawai shi ne a nan yaron ne Autan, shi zai nemo dabarar kuɓuta.

Buƙata ta uku, ta zama tare da wasu, ita ce hirar da kike ji. Miyamoto ya ɓoye abubuwa a Zelda na farko ta yadda da wuya mutum ɗaya ya gano su duka, don yara su riƙa tambayar juna a makaranta. Pokémon ya fito kashi biyu, kowanne ba ya ɗauke da wasu halittu, dole ka nemi aboki ku haɗa na'urorinku da kebul ku yi musaya. Tun kafin su, a wasan Adventure na Atari da ya fito a 1980, Warren Robinett ya ɓoye sunansa a wani ɗaki na sirri saboda kamfanin ba ya rubuta sunayen masu ƙirƙira, kuma wani yaro ɗan shekara 15 ne ya gano ɗakin ya rubuta wa kamfanin wasiƙa. Sirri a hannun yaro daraja ce a cikin tsara. Idan wa da ƙanwa suna gardama a kan inda za a gina gida ko wa zai tafi neman ƙarfe, wasa tare suke yi, kuma ni ina ganin wannan ya fi kowa ya rungumi wayarsa a lungu.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ɓangaren alheri ne. Inda nake so ki buɗe ido sosai shi ne wajen kuɗi, domin wasannin kasada iri biyu ne a kasuwa ko da sun yi kama a ido. Akwai wanda ake saye sau ɗaya, kamar Zelda: kamfani ya riga ya karɓi kuɗinsa, ba ya da wata riba idan yaro ya kwana a kai. Akwai kuma wanda ake saukewa kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Irin wannan ba ya cin riba sai yaro ya daɗe a ciki, ya dawo kullum, ya kalli talla ko ya sayi wani abu. Sai a ɗauki son sanin nan mai kyau a ɗaura masa tarko: kyautar da sai ka shiga kowace rana za ka samu, kayan da za su ɓace nan da kwana uku, da akwatin sa'a wanda kake biya ba ka san abin da zai fito ba. Masanin halayya B. F. Skinner ya nuna tun tuni, da ɓeraye da tantabaru, cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba shi ya fi sa dabba ta nace, kuma a kan wannan injin caca ke aiki. Genshin Impact, wanda ya fito a 2020, ƙasa ce mai faɗi mai kyan gani da ake yawo a cikinta kyauta, amma jaruman da aka fi so ta hanyar irin wannan jefa ƙuri'a ake samun su. Ƙasar Beljiyam ta ayyana akwatunan sa'a na kuɗi a matsayin caca a 2018. A Disamba 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawa da hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, kan zargin tattara bayanan yara ba izinin iyaye da kuma tsara maɓallai ta yadda mutane ke sayen abin da ba su yi niyya ba. Sashen ƙwaƙwalwa da ke taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Haɗa yaro ɗan 11 da ƙwararrun da aikinsu ke nan su hana shi ajiye waya ba adalci ba ne, kuma wannan yana ɓata mini rai ƙwarai.

Na biyu baƙi ne. Duk wasan da ke da wurin hira a intanet, to ƙofa ce da babban da ba ki sani ba zai iya yi wa 'yarki magana. Roblox, wanda yara ke tururuwa a kansa saboda tarin wasannin kasada da ke ciki, ya sha suka a kan wannan, har Turkiyya ta toshe shi a Agusta 2024 da hujjar kare yara. Shi ma Minecraft yana da dandalin intanet na jama'a da kasuwar cikin wasa, amma ana iya buga shi ba tare da su ba, har ba data. Ki kuma bincika ko na ainihi ne a wayar, don akwai na jabu da yawa da yara ke tura wa juna, cike da tallace-tallacen da ba su dace ba, wasu har da manhajar ɓarna a ciki.

Akwai batun aƙida da ya kamata ki sani tunda 'ya'yan Musulmi ne. Duniyar Zelda tana da sihiri da aljanu, kuma a wasu sassan jarumin yana tsayawa gaban gunkin wata allahiya ta ƙage don a ƙara masa ƙarfi. A wanda ya fito a 1998 ma an taɓa saka sautin zikirin Musulmi a kiɗan wani ɗaki, daga baya Nintendo ya cire. Hukuncin irin wannan na malaman addini ne, ki tuntuɓi wanda kika amince da shi. Abin da na sani ta fannina shi ne yaro ɗan 9 ko 11 yana rarrabe ƙage da gaskiya, kuma magana da shi a kan abin da ya gani ta fi yin kamar ba a gani ba.

To, a hana ko a ƙyale? Shawarata kada ki hana, kuma kada ki sake. Hani na gaba ɗaya yakan mayar da wasan gidan aboki ko shagon gem, inda idonki ba ya kaiwa, kuma a can ne ake buga GTA, wanda yara ke ɗauka shi ma yawo ne a gari alhali an yi shi ne don 'yan shekara 18 zuwa sama. Yawan awanni kaɗai ba shi ne ma'auni mafi kyau ba. Wani bincike na Jami'ar Oxford a 2022, da ya bi bayanan wasa na kusan mutum 39,000, manya ne ba yara ba, ya sami cewa tsawon lokacin wasa ba ya da wani tasiri na a-zo-a-gani a kan walwalar mutum; abin da ya fi nauyi shi ne ko yana bugawa don yana so ne, ko don yana jin dole. Ga yara kuwa tambayar da na fi yi wa iyaye ita ce: me wasan ya ture? Idan ya ture barci, ko salla, ko hadda, ko cin abinci tare, ko guje-guje a waje, to ya yi yawa ko da minti 40 ne. Fita waje musamman ba ta da madadi. A wani gwaji a makarantun firamare na birnin Guangzhou a ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2015, ƙarin minti 40 a waje kowace ranar makaranta ya rage yawan yaran da suka kamu da raunin ido na kasa ganin abu mai nisa daga kusan kashi 40 zuwa kusan kashi 30 cikin shekara uku. Duk faɗin dajin da ke cikin waya, ido tazarar kamu ɗaya yake kallo. Idan akwai hutu a ƙauye, ko gonar kawu, ko filin makaranta da yamma, a kai su.

A aikace, ki fara da zama kusa da su ki ce su zagaya da ke. Gani ya kori ji. Ki tambayi 'yar me ta gina, ki tambayi yayan ina ya maƙale kuma me ya gwada. Za ki san abin da ke ciki, su kuma za su san wannan ba duniyar da aka ɓoye wa Umma ba ce, don haka ranar da wani baƙo ya turo musu saƙo ke za su fara gaya wa.

Wajen tsayar da wasa, fizge waya a tsakiyar kogo shi ke kawo kuka, domin yaro zai rasa abin da ya tara. Ki yi amfani da agogon wasan kansa. Kwana uku na Minecraft awa ɗaya ke nan, sai ki ce kwana biyu za ku yi, idan kun kwanta a gado karo na biyu a ajiye. A Zelda ki ce idan an gama wannan ɗaki. Ki sa lokacin a inda yake da iyaka ta kansa, misali bayan la'asar a ranar da babu islamiyya, kiran magariba ya rufe shi. Waya kada ta kwana a ɗakin yara. A cire katin banki daga asusun da ke kan wayar babansu, ko a sa sai da lambar sirri za a sayi komai. Manhajar Family Link ta Google tana ƙayyade lokaci da abin da za a sauke a wayoyin Android, Nintendo ma yana da tasa ta iyaye don na'urar Switch, kuma duk kyauta ne. Ki riƙa duba lambar shekaru da ke jikin kowane wasa: tsarin Turai na PEGI yana da 3, 7, 12, 16 da 18. Minecraft 7 ne. Breath of the Wild 12 ne saboda faɗan da ke ciki, don haka idan shi ne suke bugawa a gidan yayanki, yana da kyau a sami babba a kusa lokacin da ƙaramar ke riƙe da na'urar, kuma ki yi magana da yayan naki a kan sauran wasannin da ke kanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, abin ya fara aiki a 2022, amma ta bayyana cewa kaso kaɗan ne na masu wasa ke kaiwa nan. Alamominta uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, wasa ya sha gaban komai na rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, yawanci har tsawon wata 12. Yaran da ke zuwa suna ba ki labarin kogo da zumuɗi ba su yi kama da wannan ba. Idan kuwa wata rana kika ga ɗayansu ya daina kula abokai, karatunsa ya faɗi warwas, yana tashi cikin dare a ɓoye, yana ɗaukar kuɗi ko yana ƙarya saboda wasa, kuma abin ya ɗauki watanni, to a kai shi wurin likitan yara ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa. Sau da yawa akan tarar akwai wata damuwa a ƙasa, kamar tsangwama a makaranta ko ƙunci, wadda ita ce ta kora shi cikin wasan, kuma ita za a fara magancewa.